Gonar Malam Barau da Kalar Gyaɗa

A duk faɗin Jigawa, tun daga ranar da aka yanke ta daga Kano har zuwa yau, ba a yi mutumin da ya tsaya wa masu tara dukiya a maƙogwaro kamar Malam Barau na Tsamiyar Bako ba. Ya kuwa yi wannan gagarumin aiki ne da gona guda, wadda in mutum ya tsaya a gabashinta ya yi tari, wanda ke yammacinta zai ce masa sannu.

Tsamiyar Bako ƙauye ne a gefen hanyar Aujara, ƙasar yashi mai karɓar gyaɗa. Tun kaka da kakanni, da zarar mai gona ya gama cire gyaɗarsa ya kwashe harawa, to gona ta zama ta kowa. Mata kan shigo da ƙwarya da 'yar fartanya, su bi kunya-kunya suna tono ƙwayoyin da suka tsinke suka saura a ƙasa. Wannan ita ce kala. Ba a roƙonta, ba a kuma gode wa kowa a kanta. Da ita zawarawa da tsofaffin garin ke yin ƙuli da mai, su kai kasuwa.

Da Dutse ta zama babban birnin jiha, sai Allah ya yi wa wani ɗan garin, Alhaji Yahuza, buɗi ta hanyar kwangilar kai yashi da siminti. Ya shiga sayen gonaki. Bai ƙwace ta kowa ba, kuma yana saye da daraja, abin da ya sa aka rasa bakin zaginsa. Cikin shekara shida duk gonakin yamma da gari suka zama gona ɗaya, aka zagaye ta da waya mai ƙaya, aka sa ƙofa da maigadi. In an cire amfani, shanun Alhaji ke shiga. Kala ta mutu ba tare da wani ya hana ta ba. Gonar Barau kaɗai ta rage, waya ta ci gefenta uku, na huɗu a buɗe yana kallon hanya.

Barau mutum ne mai jin rediyo. Wata safiya ya ji an ce mutum uku a duniya sun fi ƙasashe arba'in da wani abu dukiya. Ya faɗa wa matarsa Safiyatu tana tankaɗe.

“To Malam, su waɗannan ukun ina suke ajiye ta?”

“Ba a faɗa ba. Amma dai mun fi su ci gaba. Su har mutum uku suka nema, mu nan ɗaya ya ishe mu.”

Daga wannan shekara nomansa ya lalace. Kowane yaro a garin ya san ana cire gyaɗa ne tun ƙasa na da danshi, a sa fartanya a ɗago ta a hankali. Shi Barau sai ya jira ƙasa ta bushe ta ƙanƙame, sannan ya kama ganye ya fizge da hannu. Abin da ya biyo saiwa ya kai gida, abin da ya tsinke ya bar shi. Washegari sai ya tafi cin kasuwar Aujara, ya yini, ko da ba shi da abin saye. Mutanen gari suka ce tsufa ne ya kawo masa lalaci. Safiyatu, wadda ta san hannun mijinta, ta yi faɗa shekara biyu sannan ta bari.

Alhaji Yahuza ya zo da kansa, ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarmar zaure.

“Baba Barau, gonar nan wahala kawai take ba ka. Zan ba ka ninkinta biyu a gabas, ga rijiya kusa.”

“Allah ya ƙara arziki, Alhaji. Ta gabas ɗin tana da nisa.”

“Ai ta fi kusa da gidanka.”

“Da gidana, e. Gwaggo Iyatu fa, da wace ƙafar za ta je?”

Gwaggo Iyatu tsohuwa ce da ba ta da kowa, gidanta ne na ƙarshe a yamma da gari, kuma ita ke fara shiga kala kowace kaka. Alhaji ya yi dariya, ya ce in don ita ce zai riƙa aika mata buhu. Barau ya ce ya gwada. Alhaji ya gwada, buhun ya dawo a kan jakin da ya kai shi.

Da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar, Alhaji ya fitar da zakkarsa cif, ba ƙwange. Aka kafa rumfa, aka ɗaura lasifika, mabuƙata suka yi layi ana kiran suna. Masu rabo suka duba suka ga amfanin Barau bai taɓa kai nisabi ba, don haka shi ma mai karɓa ne. Iyatu ta ce ita ba za ta tsaya a rana a kira sunanta da na ubanta a lasifika saboda gero ba. Aka zaci Barau ma zai ƙi. Sai ga shi da wankakkiyar riga a sahun gaba. Ya karɓi geronsa, ya yi wa Alhaji addu'a mai tsawo, ya kai geron Aujara ya musanya da irin gyaɗa. Da damina ta faɗi ya shuka ta cunkus, da kaka ya fizge ta kamar yadda ya saba. Ta haka zakkar Alhaji ta riƙa isa ga Iyatu shekara huɗu a jere, ta ƙarƙashin ƙasa, ba da saninta ba, ba da sanin Alhaji ba.

Sau ɗaya Iyatu ta taɓa yi wa Barau magana a kai. Sun haɗu a hanya, ƙwaryarta cike.

“Barau, kai dai ba ka gaji ubanka ba. Shi in ya cire gyaɗa, ko ɓera ba ya samun na karin kumallo.”

“Hannun ne, Gwaggo, ya ƙi.”

“To Allah ya sawwaƙe,” in ji ta, ta gyara gammo ta wuce.

Barau ya rasu a shekarar dubu biyu da huɗu, ana saura kwana kaɗan a fara cira. 'Ya'yansa suka cire gyaɗar da fartanya, tun da danshi, yadda ya kamata. Ya bar 'ya'ya maza biyar, mata shida, da Safiyatu. Malamai suka zo da igiya suka raba gonar bisa ƙa'ida, ba wanda aka zalunta ko da taki ɗaya, kuma a iya sanina wannan ne rabon dukiya mafi adalci da aka taɓa yi a Tsamiyar Bako. Kason kowace mace bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba. Kafin wata ya ƙare duk sun sayar, Alhaji ya aiko a ja waya a gefe na huɗu. Naɗi ɗaya aka kawo, ya isa har ya yi saura.