Kiran da Na Katse a Na'ura ta Uku

Ranar nan har gobe ba ta bar raina ba. Mu huɗu ne a ɗakin: ni Hadiza, da kowa ke ce wa Gwaggo, mai tsaron ƙofa, Lawali ɗan wana, mai ɗakin wasan bidiyon, Alhaji Rabe, dillalin na'urori da ya zo daga Maraɗi, sai Agali, makiyayi daga wajen Azagor, wanda ya sayar da awakinsa a kasuwa ya shigo a sa wa wayarsa wuta. Akwai na biyar, amma ban san yadda zan ƙidaya shi ba.

Ku da kuka kama aikin nan bana, ku saurara, don ba na maimaita magana. Shekara shida ke nan ina zaune bakin ƙofar nan. Ban yi lakwal ba, wato boko, ko harafi ɗaya ban sani ba, amma aikin bai taɓa gagarata ba. Ni ke buɗewa, in share, in yaye zanen da muke lulluɓe na'urori da shi. Ni ke miƙa manet, wato abin da mai wasa ke riƙewa yana dannawa, ni ke karɓe shi in lokaci ya cika. In an kira salla, kowa waje. In na'ura ta yi zafi, bayan hannuna nake ɗora mata kamar mai zazzaɓi, in ce a bar ta ta huta. Ba a yi mini musu.

Na'urorinmu uku ne a lokacin, kowace da telenta, wato talabijin. Biyu su muke ba masu wasa haya. Ta uku kuwa ita kaɗai aka haɗa da rezo, wato intanet, yadda mutum zai yi wasa da wani da ke wata ƙasa. Isuhu, ƙanen Lawali, shi ya haɗa ta. Shi ya buɗe wa kansa suna a ciki, ya buɗe wa wansa, kuma lambar sirrin duka biyun a kansa take. Kowane suna da hotonsa. Na Isuhu shaho ne, da shi nake gane shi.

Isuhu ya tafi arewa neman aiki. Bayan wata huɗu wani abokin tafiyarsa ya dawo ya ce motarsu ta mutu a cikin rairayi, Isuhu na cikin waɗanda suka tafi neman ruwa, ba su dawo ba. Ba gawa, ba kabari. Muka yi zaman makoki, muka yi sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in. Tun daga nan Lawali ya ce a rufe ta uku. Shekara biyu zane na kanta, ina kakkaɓe shi kowace safiya.

To, ranar da nake ba ku labari ranar kasuwa ce, cikin bazarar bara, rana ta take tsaka. Masu wasa duk sun watse saboda zafi. Alhaji Rabe ya baje a kan benci, ya fito da waya yana karanta wa Lawali labarin sababbin na'urorin da ake jira su fito.

"Wannan da ke tafe, Lawali, ba irin tsofaffin naka ba ce. Ƙwaƙwalwarta ta ninka. Abin da taka ke ɗaukar shan shayi guda kafin ta buɗe, ita ƙiftawar ido ne. Hoto kuwa, har gumin ɗan ƙwallo za ka gani. An ce wata ma ba ta da bakin sa faifai, komai ta rezo zai zo."

"Kuɗin fa?" in ji Lawali.

"Ba su yanke ba tukuna. Amma ka shirya bijimi, ƙila har da ɗan maraƙi a bayansa."

Agali ya yi dariya cikin rawaninsa. "Bijimin da ba ya noma, ba ya barbara, sai cin kuran, wutar lantarki?"

Ni ma na sa baki. Na ce, "Alhaji, a cikin lissafin naka akwai inda suka ce tana jure zafin Dakoro? Ko ta san a nan kuran na tafiya ba sallama?"

"Gwaggo, ke dai ba ki taɓa yabon kaya ba."

"Ban taɓa yabon abin da ban gani ba."

Shawararsa ita ce ya kwashe tsofaffin uku, ya wanke musu ƙwaƙwalwa ya sayar, ya riƙe wa Lawali wuri a sahun masu jiran sabuwa. Wankewa na nufin duk sunan da ke ciki ya fita. Lawali ya ce to. Alhaji ya gwada ta ɗaya, ya gwada ta biyu. Ya zo kan ta uku ya ce ba ya sayen kaya a lulluɓe. Ni da hannuna na yaye zanen.

Ta tashi da ƙugi, kamar tsoho mai gyaran murya. Ta ɗau lokaci tana shan abin da ta rasa na shekara biyu daga rezo, har Agali ya fara gyangyaɗi. Daga nan sunan Lawali ya fito. A gefen tele akwai jerin abokan wasansa, kowane da ɗigo toka-toka, alamar ba ya nan. Ina tsaye bayan Lawali da zanen a kafaɗata.

Sai na ji ƙara, ƴar siririya, kamar an taɓa kofi da cokali.

Ɗigon da ke kusa da shaho ya koma kore.

Babu wanda ya motsa. Fankar sama na juyawa, amma na ji zufa ta sanyaya a bayana. Can nesa ana jin kukan shanu a kasuwa, a cikin ɗakin kuwa ko numfashi babu. Ƙarar ta sake zuwa, wani rubutu ya sauko daga saman tele.

Na ce, "Mi ya ce?"

Alhaji ne ya karanta, murya ƙasa-ƙasa, don bai san ko wane ne ba sai da ya ga fuskar Lawali. "Wai Isuhu na kiran ka wasa. Ka amsa ko ka ƙi."

Ku ƴan yanzu ba lallai ku san wannan ba. Mu da shi aka raine mu: in ka ji an kira sunanka ba ka ga mai kira ba, kada ka amsa. Balle da rana tsaka, lokacin da ba mutane kaɗai ke yawo ba. Balle kuma mai kiran an yi masa sadakar arba'in. Kakata ta nuna mini wata mata a Birnin Lalle da ta amsa irin wannan kira a bakin rijiya, har ta mutu bakinta a karkace.

Na ga babban yatsan Lawali ya hau kan maɓalli. Ban yi shawara da kowa ba. Na duƙa na fizge wayar kuran daga bango. Tele ta yi baƙi ƙirin.

"Gwaggo!" Tunda aka haife shi bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar.

Na ce, "Ba a gabana ba. Na rasa ɗaya, ba zan ba da na biyu ba."

Ya ture hannuna ya mayar da wayar. Kun san halin na'ura in an katse ta haka: sai ta tsaya duba cikinta kafin ta tashi. Muna kallon farin layi na jan ciki kamar hawainiya. Da ta buɗe, ɗigon shaho ya koma toka.

Lawali ya rubuta masa saƙo. Ya sake rubutawa. Shiru.

Alhaji Rabe ya cire hula ya share kai. Ya ce, "Gwaggo, ba a cikin akwatin nan sunan yake zaune ba. Wani ne a wani gari ya zauna gaban irin wannan na'ura, ya sa lambar sirrin Isuhu. Ko dai wani ya tsinci takardunsa, ko kuma..." Bai ƙarasa ba.

Agali ne ya ƙarasa masa. Ya ce, "Ni rairayi na sani, ban san tele ba. Wanda ya tafi neman ruwa, yawanci ba ya dawowa. Amma na taɓa ganin wanda masu raƙuma suka tsinta, ya yi shekaru a hannun wasu, ba waya, ba hanyar aike. Wanda ya tsinci takardar mamaci kuma, don mi zai nemi wan mamacin?"

Lawali ya juyo ya dube ni. Ba faɗa a idonsa, da ma faɗan ne ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Gwaggo, in shi ne fa? In wannan ne kawai lokacin da ya samu?"

Na sauke zanen daga kafaɗata na hau ninke shi. Ni da ba a taɓa rufe mini baki a ɗakin nan ba.

Ciniki ya mutu nan take. Alhaji ya ce ko kyauta aka ba shi ta uku ba zai wanke ta ba, ya hau mota ya koma Maraɗi. Lawali ya zauna gaban tele har aka kira magariba, ɗigon bai sake launi ba.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe. Dillali zai lissafa muku girman ƙwaƙwalwar na'ura, da saurinta, da tsadarta, amma babu takardar da za ta gaya muku wa ke cikinta. Kada ku wanke na'urar mutum sai kun tambaye shi sunayen da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Mai tsaro kuma, komai tsufansa, ya tambaya kafin hannunsa ya riga bakinsa. Dokar kakata ta tsare mutane da yawa. Ranar nan ban san ko tsarewa ta yi ko rabawa ba.

Washegari, ina idar da sallar asuba na tafi gidan Lawali na buga masa ƙofa. Na ce ya zo ya nuna mini maɓallin amsawa. Ya nuna mini, na ɗiga masa jan farce don kada in ɓata. Ya kunna ta uku, ya tafi ya gaya wa uwarsu abin da ya faru. Ni kuwa na ɗauke kujerata daga bakin ƙofa, na dasa ta gaban tele. Na yi bisimilla, na karanta abin da na iya na tsari, na ɗora yatsa a kan jan ɗigon, na kafa wa shaho ido.