Ranar Buɗe Ramin Arley Pirazán

Shekara ashirin da tara ke nan Belarmino Numpaque yana aiki a maƙabartar Santa Brígida, can cikin tsaunukan Boyacá. In ka tambaye shi zai ce maka rufe mutum ba wahala, buɗe shi ne aiki. Ramukan a jikin bango suke, hawa huɗu, a zura akwati a toshe da bulo. In shekara biyar ta cika sai ya zo da guduma ya fasa, ya tattara ƙasusuwan a ƙaramin akwati, a kai su ɗan gurbinsu a bangon coci. Yakan tarar da zobe, da agogo, da wasiƙu da danshi ya cinye. Duk abin da ya shiga da mutum, da shi yake fita. Bai taɓa ɗaukar ko maɓalli ba, kuma garin ya san haka. Shi ya sa wasu iyalan ba sa ma tsayawa kallo, sai su jira a bakin ƙofa.

Kafin maƙabarta ɗan tseren keke ne. Da tulunan madara ya fara, a kan keken ƙarfen babansa. Ya yi shekara huɗu yana tsere tsakanin garuruwa, sai wata gangara ta karya masa ƙugu yana ɗan ashirin da uku. Har yau a ƙasa ɗingishi yake, amma in ya hau keke ba mai cewa ya kai sittin da ɗaya.

Shi ne ya fara ganin Arley Pirazán. Wata safiya yana hawan tudun bayan gari, wani yaro ya wuce shi da buhun albasa a bayan keke, har ya waiwayo ya gaishe shi ba ko haki. Belarmino da kansa ya kai shi Tunja wurin wani mai horar da 'yan tsere. Yana ɗan ashirin da ɗaya Arley ya tafi Turai. Yawancin aikinsa ɗaukar wa shugaban ƙungiya ruwa ne da tare masa iska, amma ya taɓa cin tseren tsauni guda, ranar har makaranta aka tashi. Yana ɗan ashirin da shida aka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinsa a otal, ranar hutu, bai amsa ba. Takardar likita ta ce zuciya ce ta tsaya. Jaridun can suka yi ta rubuta cewa zuciyar matashi ba ta tsayawa haka kawai, suna zancen allurar ƙara kuzari da jini mai kauri. A Santa Brígida ba a wannan magana. Wani direba ya taɓa yin ta a shagon gyaran keke, da ƙyar ya kai motarsa. Kowane watan Agusta ana tsere da sunan Arley.

Wa'adin raminsa ya cika a wata Alhamis.

Ranar Litinin Belarmino yana share hanyar tsakiya sai ga Yadira, matar marigayin, ta sauko daga motar Tunja. Tun bayan jana'iza ta koma birni da 'yarsu, ba a cika ganinta ba. Ba su yi auren coci ba, don haka takardar ramin da sunan uwarsa take, Doña Tránsito.

"Don Belarmino, har yanzu tsintsiyar nan ce?"

"Ita ce, 'yata. Mutanena ba sa ƙorafi. Ya yarinyar?"

Ta ciro wata doguwar takarda mai layuka kamar haƙoran zarto. Awon zuciyar 'yar ne. Sau biyu ta suma a filin makaranta. Likita ya duba ya ce ga wani abu nan, ba zai kira shi ciwo ba, ba kuma zai kira shi lafiya ba. Ya tambayi abin da ya kashe ubanta.

"Na ce masa zuciya. Ya ce wace irin zuciya? Wadda aka haife shi da ita, ko wadda aka ɓata masa? In ta haihuwa ce, to ana gadonta." Ta naɗe takardar. "Ya ce in za a samu haƙori ɗaya da ɗan gashi, akwai inda za a auna. Bai yi mini alkawarin za a gano ba. Ya dai ce ya fi babu."

"Ki tambayi surukarki mana."

"Sumercé, ranka ya daɗe, ka san ta fiye da ni. Shekara biyar ko sunan allura ba a ambata a gabanta. Cewa za ta yi na zo tozarta shi." Ta rage murya duk da ba mai ji sai bango. "Hannunka ne zai shiga ciki. Ka sa a aljihu, in karɓa a bakin ƙofa. Ba wanda zai sani. Kuma don Allah kada ka gaya mata."

Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Da ta tafi ya sake share hanyar da ya riga ya share.

Washegari ya kasa zama. Ya goge gudumar, ya jera bulo, ya rushe jerin ya sake. Wajen ƙarfe goma ya tura kekensa shagon Eulogio, abokinsa tun zamanin tsere, wai a duba masa sarƙa.

Eulogio ya juya feda sau biyu ya ɗago kai. "Sarƙar nan ta fi gwiwoyinka lafiya, compadre, aminina. Ko matattun ne suka kore ka?"

"Kai nake wa awo. Na ga ka ƙara faɗi, sai na fasa bulo biyu."

"Ni zan rufe ka, gurgu. Zauna ka sha wani abu."

Ya zuba masa ruwan mazarƙwaila mai zafi. A bangon shagon hoton Arley ne, hannu biyu a sama, baki buɗe. Eulogio ya ce Alhamis 'yan ƙungiyar keke za su raka akwatin har coci, kowa da rigarsa.

Belarmino ya ajiye kofin. "Ka tuna shekarar da ya dawo hutu ya hau tudun nan a minti ashirin da bakwai?"

"Wa zai manta?"

"Shekarar da ta gabace ta a talatin da ɗaya ya hau. Ni na riƙe agogo duka biyun."

Eulogio ya ajiye sifana a hankali. "Ya ci abinci mai kyau, ya samu keke mara nauyi. Me kake so ka ce?"

"Ba komai."

"To kada ka ce shi a shagona. Yaron yana kwance ba zai iya kare kansa ba. Kai da kake cin abinci a ƙofar matattu ya kamata ka fi kowa sanin haka."

Daga nan Belarmino bai koma aiki ba. Ya hau tudun har rabi, ya juyo, ya sake hawa. Haƙori bayan shekara biyar ba ya buƙatar ƙarfi, da yatsa biyu yake fita. Ya san zai iya yi a gaban mutum goma ba wanda zai lura. Abin da ya dame shi ke nan. Ya kuma lura cewa shi kansa yana son a auna, ba don yarinyar kaɗai ba, kuma wannan bai yi masa daɗi ba.

Laraba Doña Tránsito ta zo da farin zane a goge, wanda za a shimfiɗa a ƙaramin akwatin. 'Yar ƙaramar mace ce, mai hular baƙin ulu da bargo a kafaɗa. Ta miƙa masa ƙunshin alewar gwaiba.

"Ba na son taro a ciki, Belarmino. Masu kekuna su tsaya waje. Ni zan karɓe shi da hannuna. Kuma ka ƙirga mini shi kaf, kada ko ɗan yatsa ya ɓata a ƙura."

"Kamar kullum, Doña Tránsito."

"Na sani. Shi ya sa hankalina yake kwance."

Alewar na nan a aljihunsa har yamma, bai buɗe ba.

Alhamis ƙarfe bakwai na safe, hazo bai gama tashi daga gonakin dankali ba. Fada, limamin cocin, ya yi addu'a ya koma coci jira. A waje ana jin ƙarar kekuna da muryar Eulogio yana jera mutane. A gaban ramin mutum uku ne: uwar a dama, matar a hagu, ba mai kallon wata. Belarmino ya hau ɗan tsani ya cire allon sunan, ya fasa bulo, ya jawo akwatin kan benci. Katakon ya yi laushi. Ya ɗaga murfin.

Rigar tseren ba ta lalace ba, irin yadin nan ba ya ruɓewa. Gashin ma yana nan. Doña Tránsito ta yi alamar gicciye ta ce, "Ga ka nan, ɗana," kamar ya dawo daga tafiya. Ta sunkuya tana shimfiɗa zanen, bayanta a juye. Yadira ta zuba wa hannun Belarmino ido.

Hannun ya shiga, ya tsaya. Sai ya fito da shi ba komai, ya cire safar hannun ya ajiye a kan benci.

"Doña Tránsito, akwai magana kafin in taɓa shi. Yadira tana son haƙori ɗaya da ɗan gashi."

"Don Belarmino!" Yadira ta ce. "Na roƙe ka!"

"Kin roƙe ni, 'yata. Ki yafe mini. Ba zan sata ba, kuma ba zan rufe shi a bango in yi shiru ba. Ki nuna mata takardar."

Tsohuwar ta miƙe a hankali. Ba ta karɓi takardar ba, amma ta saurara har Yadira ta gama, da suman biyu, da abin da likita ya ce.

"In suka auna suka ga wancan abin fa? Abin da jaridu suka faɗa?"

"Shi nake roƙon Allah su gani," in ji Yadira.

"Kina roƙon Allah ɗana ya zama maƙaryaci?"

"Ina roƙon Allah jikarki ta wuce shekara ashirin da shida, Mama."

A waje wani ya danna ƙararrawar keke, aka yi dariya, aka tsawatar masa.

Doña Tránsito ta juya ga Belarmino. "Kai ka kai shi wurin mutumin nan. Kai ka zo har gonata ka ce in bar shi ya tafi. Me ka sani?"

"Ban ga allura ba, ban ga kwalba ba. Na ga ya rage minti huɗu a tudu cikin shekara guda. Na san abin da hakan kan nufi, na kuma san ba kullum ba. Ban tambaye shi ba. Tafi kawai na yi masa."

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. Sannan ta ce su juya mata baya, su duka biyun. Suka juya suna kallon sunayen wasu. Belarmino ya ji tana magana ƙasa-ƙasa da ɗanta. Da ta ce su waiwayo, hankicinta yana ƙulle a tafin hannunta, haƙorin da gashin na ciki. Ta miƙa wa Yadira, amma ba ta saki nan take ba.

"Duk abin da suka gani, ni za ki fara gaya wa. Ba rediyo, ba jarida. In ciwon gado ne, ki kawo yarinyar in gan ta."

"Na ji, Mama."

"Kai kuma ci gaba da aikinka."

Ya ƙirga mata ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ta ce. Ta naɗe rigar ta ɗora a sama. Masu kekuna suka raka akwatin har coci, su kusan arba'in, suna tura kekunan da hannu.

A littafin maƙabarta akwai layin da mai buɗewa yake rubuta yadda ya sami mamaci da yadda ya miƙa shi. Belarmino ya rubuta cewa an cire haƙori ɗaya da gashi da izinin uwa. Magatakardar coci ta karanta, kuma kafin Lahadi garin ya ji. Ba wanda ya ga laifin tsohuwar. Cewa aka yi mai maƙabarta ne ya haɗa baki da 'yar birni aka matsa mata a kan gawar ɗanta. Eulogio ya aiko masa da famfon keken da ya ara a wurinsa tun shekara takwas, ba saƙo. A watan Agusta ba a ba shi tutar tashin tsere ba, karo na farko.

Wata huɗu ke nan. Sakamakon ya zo ko bai zo ba, ba a gaya masa ba. Ya ga Doña Tránsito sau biyu tana jiran motar Tunja da kwandon ƙwai, ta amsa gaisuwarsa da kai kawai. Ba ya iya karanta komai a fuskarta, ko da yake yana gwadawa.

Mako mai zuwa yana da ramuka uku da zai buɗe. Iyalai biyu sun aiko cewa za su shigo ciki su tsaya a kansa.