Ni Ce Kunnen Malam

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana Malam, mai gyaran rediyo da sitabilaiza a bakin kasuwar Dutsin-Ma. Ban yi karatu ba. Ina faɗi ne 'yata Rabi tana rubutawa, in kuka ya taso mini ta ajiye biro ta jira.

Da girma ya kama Malam, kunnensa ya fara tafiya, alhali da kunne yake rabin aikinsa. A jikin fanel, allon nan da kayan wuta ke jere a kai, akwai wani ɗan baƙin akwati da suke kira rile. In an ba shi wuta, mai lafiya sai ya ce ƙas, matacce ya yi shiru. Da Malam ya daina jin ƙarar bai gaya wa kowa ba. Sai ya riƙa kawo aiki gida, ya baza a tabarma.

"Uwar Rabi, ara mini kunnenki."

"Wanda ka gama toshewa da rediyon mutane?"

Sai in kara kunne, ya taɓa waya a batir, in ya yi ƙara in ɗaga masa yatsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka muka rufa wa juna asiri har ya kwanta ciwo.

Da daminar bana sitabilaizar ɗakina ta mutu, ita ce aikinsa na ƙarshe. Mai gyaran da Rabi ta kai wa ya ce a jefar da fanel ɗin a sa sabo, haka ake yi yanzu. Ban ga laifinsa ba, kowane zamani da abinsa. Amma duk ɗigon dalmar da ke jikin allon nan hannun Malam ne ya ɗiga shi. Da yana raye, na san zai tambaya ko ana yanke ƙafa don ƙaya ta soke ta. Na ce a maido mini kayana.

Na ɗauka da kaina zuwa Kurfi, wurin Lawal da ya koyi aiki a hannun Malam, yau har furfura ta fito masa. Ya gwada da mita, ya nuna mini wata 'yar aba mai tara wuta da suke kira kwandansa, kanta ya kumbura. Kafin ya taɓa ta sai ya gitta sukudireba a ƙafafunta. Wuta ta yi tartsatsi, na zabura.

"Inna, kada ki tsorata. Baba Malam ya ce ko an zare ta daga wuta, tana riƙe da saura."

Ita kaɗai ya canja. Sauran liƙin ya duba ɗaya bayan ɗaya, bai sami na gyarawa ba.

A mota ina rungume da sitabilaizar ina hawaye. An zare Malam daga duniya, amma hannunsa na nan a allon, koyarwarsa na bakin Lawal, sauran kuma yana ƙirjina, ba wanda ya iya sauke mini. Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya haskaka kabarinka.