Tukunyar da ke bayan rumfa

Ni na gano rumfar nan, kuma har gobe ina faɗa. Lokacin ina jan lori daga Umdurman zuwa Kosti, in na wuce Kalakla sai in ratse bayan wani mai facin taya. Can wata tsohuwa ke sayar da kisra, wato wainar dawa mai faɗi marar kauri, da miyar kuɓewa, ba allo, ba kujera, sai tabarma. Shekara uku ina ci a wurinta, ina gaishe ta da Larabci irin na 'yan birni, tana amsawa.

Rannan na ɗauko taubashina daga ƙauyenmu na Hausawa a yankin Jazira, don ya ga na san hanya. Muna sauka ya ja hanci, ya ce ƙanshin daddawa yake ji. Ya durƙusa ya ce mata da Hausa, "Sannu da aiki, Iya."

Tsohuwar ta saki ludayi. Ta tambayi garin kakanninsa, sannan ta zaga baya ta kawo masa tuwon dawa da miyar kuka, daga tukunyar gidanta, har da man shanu. Ni kuwa ta miƙo min kisrata ta kullum.

Na ce mata da Hausa, "Iya, ai ɗan kawuna ne."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ashe kana da baki?"

Har Kosti ban kula shi ba, shi kuwa sai gyatsa yake.