Sunan da na ƙi rubutawa

Ina aji shida a firamaren ƙauyenmu, can bayan duwatsun Roni, aka turo mana wata malama 'yar Kudu. Lokacin gwamnati ta samu kuɗin mai, azuzuwa sai tsirowa suke, malamai kuwa sai an nemo daga nesa. Hausarta ta kasuwa ce, amma ba ta gajiya da tambaya. Don me muke tuɓe takalmi in za mu gaida tsoho? Me ake yi da ƙaiƙayi? Mu ma kallon mamakin muke yi mata.

Ita aka ba aikin yi mana bita kafin jarrabawar shiga sakandare, kuma 'yan kaɗan hedimasta zai kai Kazaure su zauna. Ina son shiga cikinsu kamar raina. Ko mota ban taɓa shiga ba.

Kullum takan rubuta ɗan labari da Turanci a allo, mu karanta, mu amsa tambayoyi. Ni ce kan gaba, na kuma san da haka, har da ɗan ɗaga hanci. Ranar gwajin zaɓe ta kawo labarin wani manomi da ya kai akuya kasuwa. Ina duban allon sai na ga sunan Babana ta sa wa manomin. A gidanmu ba a kiran sunan nan. Ko yaron maƙwabta mai irinsa, mai sunan Baba muke ce masa.

Ga tambayoyi kuma kamar da gayya. Wa ya sayar da akuya? Akuyar wa ta tsinke? Duk na san amsa, amma a ganina rubutawa da kira ɗaya ne. Na bar wuraren fari fat, na faɗi warwas.

Malama ba ta yi faɗa ba. Ta juya takardata, ta sake juyawa.

“Mai wuya kin amsa, mai sauƙi kin bari. Me ya sa?”

Na sunkuyar da kai. Ta yaya zan bayyana abin da ba zan iya faɗa ba? Haushi ya cika ni, nata da na akuyar.

Da la'asar sai ga ta a ƙofar gidanmu da takardar. Baba yana gindin darbejiya yana gyaran ƙotar fartanya. Bayan gaisuwa ta ce ta zo ne kan maganar 'yarsa, ta kira sunana.

“Uwata?” in ji Baba. “Me ta yi?”

“Uwarka kuma?” in ji Malama.

Maƙwabcinmu da ke zaune a gefe ya kwashe da dariya, ya warware mata: sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kira ba. Malama ta dubi takardar, ta tambayi maƙwabcin sunan mai gidan. Da ya faɗa, sai ta dafe kai.

Ta ce za ta sake mini gwaji, amma a Kazaure babu mai canza mini sunan da ke cikin labari. In na Baba ya fito fa?

Baba ya daɗe yana murza ƙotar. Can ya miƙo mini tsinke.

“Uwata, ai bakinki bai faɗa ba. Zana mini shi nan, in ga kamarsa a boko.”

Na karɓa na rubuta a ƙasa. Ya duƙa ya ƙura masa ido, ya bi haruffan da yatsa.

“Ashe ɗan guntu ne,” ya ce. Ya hana a share wurin har iska ta shafe shi da kanta.

Na haye gwajin Malama, na tafi Kazaure a bayan akori-kura, na sha jijjiga, na kuma ci jarrabawa. Labarin da ya fito na jirgin ƙasa ne, babu manomi, babu akuya.

Baba ya daɗe da rasuwa, kuma har yau kewarsa nake yi. Na cika takardu da yawa da sunansa a ofisoshi, amma bakina bai taɓa faɗa ba. Nan ma ga shi na zo ƙarshe ban rubuta ba.