Cinyar Aladen da Yaya Bitrus Ya Kai Gaisuwa

Shekara tara ke nan da muka binne yayana Bitrus, kuma har yau ban huce ba.

Kiwon alade ya gada wajen babanmu a Kafanchan. Da ya zo Manchester aikin gadi ya gundure shi, sai ya samu aiki a gonar wata dattijuwa, Misis Hartley, can bayan gari. Bas biyu yake shiga daga unguwar Gorton, inda yake zaune. Aladunta ba su da yawa, ya san halin kowanne.

Lokacin da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, wani babban kamfani ya nemi izinin council, wato majalisar ƙaramar hukuma, zai gina gidan aladu dubbai kusa da su, wai zai kawo aikin yi. Ƙananan manoma suka ce ba su yarda ba, don sun san kasuwarsu ta mutu ke nan. Kan kansiloli ya rabu, amma akwai wata mace a cikinsu da ta tsaya wa manoman tsayin daka.

Saura kwana biyu a kaɗa ƙuri'a, Yaya ya sa rigar coci, ya naɗe cinyar alade, zai kai mata. Na ce, "Yaya, nan ba gida ba ne fa, za ka ja musu problem." Ya harare ni. "Ke Rifkatu, ina aka taɓa gaishe da babba hannu rabbana?"

Bai same ta ba, ya bar wa mijinta. Bisa doka, dole ta bayyana kyautar a gaban council. Lauyoyin kamfani suka yi caa, wai cin hanci ne, ta janye daga zaman. Da ƙuri'a ɗaya aka kayar da manoman. Ɗaya tak!

Gonar Misis Hartley ba ta kai baɗi ba. Manoman suka daina amsa gaisuwarsa. Ya koma gadi a Small Heath ta Birmingham, unguwar Musulmi, inda ko sunan sana'arsa ba ya iya faɗa wa maƙwabta.

Da yana raye me zai gani? Kamfanin ya ƙara girma, gonakin sun zama gidaje. Ban ga alamar za a juya ba, kuma na daina sa rai. A coci ana tuna shi da kyauta, ni kuwa kyautar ce ke ƙona min rai.

A asibiti, gab da rasuwarsa, ya riƙe hannuna ya ce, "Kin kira Misis Hartley? Ta yafe min?" Na ce ta yafe. Allah ya gafarta mini, tana jin sunansa ta kashe waya.