Bindigar da Goggo Huseina ta Fasa

Har yau in aka ambaci Goggo Huseina a unguwarmu a Kalgo, sai ka ji wani ya ce, “Wadda ta fasa bindigar yaro?” Shekara ashirin ke nan, ba su san ta da komai ba sai wannan. Ni ne yaron, sunana Lukuman, kuma daga bakina sunan ya fara fita. Saboda haka in kun ji ina zagin mutanen unguwa, ku sani da kaina na fara.

Goggo Huseina yaya ce ga babana Bawa. Tun ban zo duniya ba aka kai ta Gwandu gidan wani maƙeri, Yusufu, wanda aikinsa gyaran bindigogi. Allah bai ba su haihuwa ba, don haka duk abin da ɗa zai yi wa maƙeri ita ta yi: ita ce zuga, ita ce dakan albarushi, ita ce riƙon ƙarfe. Bayan hannuwanta duk tabon tartsatsi ne. Da Nasara suka zo aka tattara bindigogin mutane, Yusufu ya koma ƙirar lauje da fartanya, bai daɗe ba ya rasu. Ta ɗauko ƙullin kayanta da mazarinta ta dawo gidan ƙanenta.

Ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba, Goggo ba ta iya magana ba. Gaskiya take ɗaukowa ta maka wa mutum a ka, ko a gaban wa. Kuma tana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya: komai sai ta ƙwanƙwasa shi ta kasa kunne. Tukunya, ƙwarya, turmi, har kaina in na yi wauta. Masu tallan tukwane in suka hango ta sai su sake hanya.

Shekarar da na cika sha biyu, tsuntsu ya yi mana ɓarna a fadama. Jan baki da agwagin ruwa suka cinye kusan rabin shinkafarmu, ni kuwa ina ta ihu da majajjawa har muryata ta dushe. Sai babana ya ce zai samo mini 'yar ƙaramar bindiga adaka, irin wadda ake ɗura wa tsakuwa a kori tsuntsu. A lokacin bindiga sai a ɓoye. Amininsa Ɗanjuma dillali ya kawo guda biyu a nannaɗe cikin tabarma, ya baje su a zaurenmu.

Ɗaya tsohuwa ce, baƙa, mai nauyi, an ɗaure ƙotarta da fata a inda ta tsage. Ɗayar kuwa sai sheƙi take, an jera mata ƙusoshin tagulla, an rataya mata jan tuntu. Kun san wadda yaro zai zaɓa. Ban ma kalli baƙar sau biyu ba.

Goggo ta shigo kawo ruwa, ta ajiye, ta ƙi fita. Ta ɗauki kowace ta rataye ta da yatsa, ta buga bututun da ƙarfen gurzar audugarta. Baƙar ta yi amo mai tsawo. Mai tagullar ta ce ƙwas, ta yi shiru.

“Wagga tana da tsaga ciki,” in ji ta. “An dai shafe ta da mai. Bawa, ɗaukam mishi mummunar.”

Ɗanjuma ya yi dariya ya dubi babana. “Ashe mata ka zaɓen bindiga gidanga?”

Wannan magana ita ta kashe komai. Na ga fuskar babana ta canza. Goggo ta ce to a yi abin da mijinta yake yi wa kowace bindiga kafin ta bar maƙera: a ɗaure ta a jikin itace, a ɗura, a ja kunamar da doguwar igiya daga nesa. “Ko tukunya ba a sayenta sai an ƙwanƙwasa,” ta ce, “balle abin da yaro za shi aza ga kunci nai.”

“Yaya,” in ji babana, “koma ga audugarki.”

Ya ce gwadawa cin fuska ne ga amini, kuma ƙarar za ta jawo dogarai. Duk zance ne. Kunyar Ɗanjuma yake ji, ya fi jin kunyarsa a kan tsoron abin da zai same ni, kuma wannan ban taɓa iya haɗiye shi ba. Ya ba da tumaki biyu ya karɓi mai tagullar, aka ce jibi zan fara fita da ita.

Washegari da safe Goggo ta kira ni, ta tsayar da ni, ta auna ni da kara daga ƙasa zuwa kafaɗa, ta karya karan. Na ɗauka riga za ta sa a ɗinka mini, har na yi mata godiya. Da hantsi muna fadama ni da babana, muka ji ƙara daga wajen kanyar da ke bakin hanya, ƙarar da ba ta yi kama da harbi ba. Kafin mu iso gida Goggo ta riga mu. Tana zaune a tsakar gida, ƙotar bindigar a cinyarta, bututun ya dare kamar rake.

“Awo guda na albarushi na ɗura,” ta ce, “da ma'aunin da Ɗanjuma ya bayar. Ku tahi ku duba kanya.”

Babu wanda ya je. Ina so ku ji wannan da kyau. Daga ƙofar gidanmu zuwa kanyar nan bai kai tafiyar da tuwo zai huce ba, amma a cikin mazan unguwa kaf, masu gemu da masu rawani, ba a sami ɗaya da ya ɗaga ƙafa ba. Ɗanjuma ya rantse ninki uku ta ɗura don ta kunyata shi. Kowa ya yarda, domin yarda da shi ya fi sauƙi a kan a ce tsohuwa ta fi su sani. Mata suka ce baƙin ciki ne na wadda ba ta haifa ba. Uwata Hauwa'u kaɗai ta buɗe baki, aka daka mata tsawa ta koma ɗaki.

Ni kuwa na yi birgima a ƙasa, na tashi na nuna Goggo da yatsa na ce, “Muguwa, mai fasa bindigar yaro.” Matar da ta yi ta goyona har bayanta ya ƙage. Ba ta ƙwanƙwashe ni ba ranar. Ta dube ni kurum, ta dubi idanuna ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga kayanta kafin tafiya.

Babana ya ce gidan ba zai ɗauke su su biyu ba. Bayan kwana uku ta bi 'yan fatake ta koma Gwandu, wurin dangin mijinta, waɗanda ba su da wani dalilin riƙe ta sai tausayi. Can ta zauna a wata 'yar bukka tana kaɗi tana sayar da zare. Duk kaka takan aiko mini da ƙuli-ƙuli, ni kuma in ba awaki. Da na girma na shiga kai shinkafa kasuwar Gwandu, na wuce ta bakin lungunsu ya fi sau goma, ban taɓa leƙawa ba. Ba fushi ba ne a lokacin, fushin ya daɗe da wucewa. Girman kai ne irin na gidanmu, wanda na gada cif. Ta rasu shekarar annobar mura, labari bai iso mu ba sai bayan kwana arba'in.

Bana ɗana ya cika sha biyu, tsuntsu ya dawo, ya fara damuna da zancen bindiga. Muna dawowa daga fadama rana ta yi zafi, muka raɓe a gindin kanyar. Dubban lokuta na wuce itacen nan ban tsaya ba. Na jingina, sai wani abu ya karce mini haƙarƙari. Na juya. Guntun ƙarfe ne baƙi, faɗin yatsa biyu, ya nutse a jikin itacen, ɓawo ya kusa rufe shi. Ƙasa da shi kaɗan ga tabon wuƙa a gicciye, inda ta sa alamar kafaɗata ta kafa ƙotar bindigar.

Na ce wa yaron ya tsaya ya manna bayansa da itacen. Kafaɗarsa ta zo daidai tabon wuƙar. Ƙarfen ya zo daidai idonsa na dama.

“Baba, mi ya faru?” ya ce, don ya ga na zauna a ƙasa.

Na kai wa babana labari, yanzu ya tsufa, yana zaune a zaure. Na ce ya tashi in riƙe masa hannu mu je ya gani. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce ƙafafunsa suna ciwo, kuma abin da ya wuce ya wuce. Har yau bai je ba.

Na samo wa yaron bindiga, baƙa, mummuna, ya yi kwana biyu ba ya yi mini magana. Na ɗaure ta a kanyar na ja da igiya sau uku a gaban duk wanda ya ga dama ya kalla. Wani dattijo ya ce ashe haukan Huseina gado ne. Na ce masa ya matso ya taɓa ƙarfen da hannunsa, ya ce sauri yake.

Watan jiya na je Gwandu neman kabarinta. Na yi yini guda ina zagaya maƙabarta da idanuna biyu lafiyayyu, waɗanda ta bar mini, ban sami wanda ya san inda aka sa ta ba.